Ranar da Muryata Ta Kira Surukina da Suna

Akwai abubuwan da na manta da gangan, akwai kuma waɗanda shekaru suka share mini ba tare da na roƙe su ba. Amma taron koperatif ɗin manoman gujiya na wajen Korgom, wato ƙungiyarsu ta taimakon juna, ba zan taɓa iya mantawa da shi ba, don a ranar ce muryata ta aikata abin da ni mai ita ban taɓa yi ba, ba kuma zan yi ba.

Ni malamin lissafi ne a wani lise, wato makarantar sakandare, a Tasawa. Da yake a cikin malamai ni ne ba na jin tsoron ordinata, wato kwamfuta, sai aka ɗora mini darasinta ma. (A wajenmu wannan ya isa a riƙa ce wa mutum injiniya. Ban taɓa amsawa ba, ban kuma taɓa musantawa ba.) Na koyi rubuta kod da kaina, wato rubutun da ake ba na'ura umarni da shi layi bayan layi, kuma ina son abin irin son da mutum ke yi wa abin da ya koya ba malami.

Matata Rahila 'yar wani ƙauye ce kusa da Korgom. Mahaifinta dattijo ne a majami'arsu, manomi ne, kuma yana cikin waɗanda suka kafa koperatif ɗin. Kada mai karatu ya jira ganin sunansa a nan, ba zai gani ba. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Takalmina daga bakin ƙofar gida suke tsayawa. In na hango shi a hanya ina kan moto, wato babur ɗina, sauka nake yi in tura. Akwai wani abokin aikina mai irin sunansa, shekara da shekaru "mai sunan Baba" nake ce masa, har ɗalibai wasu suka ɗauka laƙabinsa ne. Surukin nawa kuwa mutum ne mai ƙarancin magana, irin waɗanda ba ka sanin ko sun yarda da kai ko haƙuri suke yi da kai. Ni dai na daɗe ina fatan wata rana zai dube ni ya ga ba asarar 'ya ya yi ba.

Mai riƙe da biro, wato ofishin koperatif ɗin, ita ce Hadiza, taubashiyata, ɗiyar gwaggona. Ɓangarensu Musulmi ne, namu Kirista, amma wasan taubasantaka bai taɓa tambayar kowa wurin ibadarsa ba. Ita ce ta zo mini da maganar a farkon dogon hutu. Wayarta, in ji ta, ta zama kasuwa. Wannan ya aiko saƙon murya yana tambayar ko iri ya iso mangaza, wato ɗakin ajiyar kayan koperatif, wancan yana son sanin yaushe layinsa zai zo a injin ɓarar gujiya, wani kuma gaisuwa ce kawai amma sai an amsa. Ta je wani horo a Maraɗi, aka nuna musu abin da suke kira wakili: wani shiri ne na na'ura mai jin tambayar mutum, ya duba bayanan biro, ya ba da amsa, har ya sa mutum a layi, ba tare da an ta da Hadiza daga sallah ko daga tukunya ba.

"Hanya biyu ce anka nuna muna," ta ce tana buɗe ordinatarta a tsakar gidana. "Ga ta masu hankali, ga kuma taka."

Ta masu hankali ita ce wadda ake samun komai a shirye. Allo ne cike da 'yan akwatuna. Wannan akwati na karɓar saƙo ne, wancan na duba bayani, wancan na ba da amsa. Sai ka jawo su da yatsa ka jera, ka haɗa su da zare kamar mai shanya kaya. Ba sai ka iya kod ba, ko kuma ɗan kaɗan ya isa. A gabana Hadiza ta jera su, kafin Rahila ta sauke shayi wakilin ya fara amsa tambaya.

Gaskiya abin ya burge ni, ya kuma ɓata mini rai, kamar yadda tela zai ji in ya ga rigar kasuwa ta zauna wa mutum daidai. Na riƙa taɓa kowane akwati ina son in ga cikinsa. Me ke faruwa tsakanin wannan da wancan? Wa ya yanke cewa haka za a yi? In rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke a tsakiyar magana, ina saƙon yake zuwa? Akwatunan ba su da amsa. A rufe suke, suna aikinsu, ba ruwansu da son sanina.

"Mi ruwanka da cikinsu?" in ji Hadiza. "Ka taɓa buɗe cikin motonka kahin ka hau?"

"Na taɓa."

"Shi ya sa kullum yana wurin bakanike."

Hujjojinta masu ƙarfi ne, na yarda yanzu. Na akwatuna yana da sauri. Ita da kanta za ta iya gyara shi in wani abu ya canja. Kuma ni malamin gwamnati ne, gobe ana iya ɗauke ni a kai ni Mayahi ko gaba da can, wa zai karanta kod ɗina in na tafi? Ta nuna mini wani akwati da ake zaɓar yadda wakilin zai kira mutane, da wani kuma da ke riƙe amsa sai mutum ya saurara ya yarda kafin ta fita. Na dubi wannan na biyun na ce ai wannan na matsorata ne. (Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.)

Ni ma dai ina da tawa hujjar, kuma ba ƙarya ba ce. Mutanenmu ba rubutu suke aikowa ba, murya suke aikowa, murya kuma suke son ji. Muryar da ke cikin akwatunan tana Hausa, amma irin Hausar baƙon da ya haddace ta a jirgi. Ta faɗi "gujiya" yadda ko gujiyar ba za ta gane da ita ake ba. Kuma ba a iya canja ta, sai dai a zaɓa cikin waɗanda aka ba ka. Da kod kuwa komai a hannunka yake. Kana iya koya wa na'ura muryar ɗan gari, kana iya sa ta jira in rezo ya ɗauke, kana iya komai.

"Muryar wa za ka sa?" ta tambaya.

Na yi ɗan tari irin na mutumin da ba ya son yabon kansa.

"Allah shi kyauta," in ji ta. "To, ka yi naka, in aje nawa. Ranar taron kaka mutane su zaɓa."

Damina ta wuce ina gaban ordinata. Mutane suna noma, ni ina karanta wa na'ura jimloli don ta koyi muryata. Ranar da ta fara magana da ita, sai da na sake kunna ta don in tabbatar. Ni ne, har da ɗan jan numfashin da nake yi kafin in ce "to". Rahila ta leƙo daga madafa ta ce, "Da wa kake magana?" Na ce da kaina. Ta ce ai ta daɗe da sanin za a zo nan.

Na sha karatu a lokacin. Duk darussan da na samu na Faransanci ne, kuma duk sun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya: in kana son mutum ya saki jiki da wakilinka, sa shi ya riƙa kiran mutumin da sunansa, ya yi masa magana kamar aboki. Na ga hikimar abin. Na rubuta layin da hannuna: duba lambar mai kira, nemo sunansa a bayanan 'yan koperatif, gaishe shi da sunan, ka kuma riƙa jefa sunan cikin magana don zumunci. Na ƙara masa da adalci, don ni mutum ne mai son adalci: kowa ya bi layi, ba babba ba yaro.

Na gwada shi, kada a ce ban gwada ba. Na gwada da lambata. Na gwada da ta Hadiza, ya ce "Sannu Hadiza," ta ce ba laifi. Na gwada da ta wasu abokaina 'yan koperatif da ke garin Maijirgi, suka yi ta dariya suna sake kira. Wato dai duk mutanen da na gwada da su, mutane ne da ni ma nake kiransu da suna. Wannan ban lura da shi ba sai daga baya, lokacin da lura ba ta da sauran amfani.

Ranar taron aka taru da hantsi a rumfar gaban mangaza. Maza a tabarmi da bencina, mata a baya wajen inuwar itacen bedi, amalanken jakuna a jere can gefe. Shugaban koperatif, Alhaji Sani, abokin surukina ne tun suna kiwon awaki, suna zaune kafaɗa da kafaɗa a gaba. Surukata tana cikin mata, Rahila kusa da ita. Na zo na durƙusa daga nesa na gaida Baba, kaina a ƙasa, ya amsa da "madalla" ɗinsa guda ɗaya da ya saba ba ni.

Hadiza ta fara nuna nata. Ya yi aiki lafiya lau, sai dai da baƙuwar muryar ta ce "gujiya" mutane suka fashe da dariya. Wani tsoho ya ce a tambaye ta ko 'yar wace ƙasa ce. Na ji wani sanyi a raina wanda bai dace da ɗan majami'a ba.

Sai aka ba ni fili. Na haɗa waya da lasifika, na gyara tsayuwa irin ta gaban allo, na yi jawabi. Na bayyana bambancin rigar kasuwa da wadda aka auna mutum aka ɗinka masa. Na ce na akwatuna wasu can suka ƙera shi, ba su san mu ba, ba mu san abin da suka zuba a ciki ba. Sannan na ɗaga yatsa (ina ganin yatsan nan har yau) na ce:

"Wannan kuwa, iyayena, babu kalma ɗaya a cikinsa da ba ni na sa masa ba. In ya yi magana, ni na yi."

Aka yi kabbara ta wannan gefe, aka ce amin ta wancan. Na ce wani ya gwada. A raina na shirya Hadiza ce za ta kira. Amma Alhaji Sani mutum ne mai sanin girma. Ya juya ya dafa gwiwar abokinsa.

"Aikin ɗanka ne. Kai za ka buɗe muna."

Ko a nan ban farga ba. Murna ma na yi. Na ce yau Baba zai ga abin da 'yarsa ta aura.

Surukina ya ciro 'yar wayarsa daga aljihun gaba, Hadiza ta danna masa, ya kai ta bakinsa. Ya yi sallama cikakkiya, ya gaida na'urar da kwana, da gajiya, da iyali, sannan ya ce yana tambaya ne ko yaushe zai samu inji, don gujiyarsa ta bushe tana jira.

Na ji jan numfashin nan nawa ya fito daga lasifika. Sannan muryata, tangaram, cikin fara'a, ta ce, "To, sannu..." ta kuma faɗi sunan.

Sunan tsirara. Ba Baba, ba Malam, ba Dattijo. Yadda ake kiran yaro a aike shi sayen ashana.

Ban san rumfa tana iya yin irin wannan shirun ba. Har jakunan sai da na ji kamar sun daina kaɗa wutsiya. Wakilin kuwa bai san an yi komai ba, ya ci gaba da zumunci kamar yadda na koya masa. Ya sake kiran sunan ya ce yaya kake abokina. Ya sake kira ya ce akwai mutane a gabanka. Sannan ya rufe da adalcina: "Ka yi haƙuri ka bi layi kamar kowa," ya liƙa sunan a ƙarshe, don kada wani na baya ya ce bai ji ba.

Na waiga wajen mata, ban san dalili ba. Surukata ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, kafaɗunta suna rawa, har yau ban san kuka ne ko dariya ba. Rahila tana kallon ƙasa kamar ta yar da allura. Ni kuwa na yi tsalle wajen lasifika na fizge waya, wadda na fizge ashe ta caji ce, muryata ta samu damar ƙarawa da cewa in akwai wata tambaya, kada ka ji nauyi.

"Baba, ba ni ba ne," na ce, na tsinci kaina a durƙushe ban san lokacin da na sauka ba. "Na'ura ce."

Daga bayana Hadiza ta yi magana, a hankali, amma yadda kowa zai ji. "A'a, Malam. Ai yanzun nan munka ji ka ce in ya yi magana kai ka yi."

Taubasai ba su da tausayi, kuma al'ada ta ba su izini.

Alhaji Sani ne ya fara fashewa. Ya riƙe ciki yana dukan kafaɗar abokinsa. "Wallahi na mance haka sunanka yake! Rabona da in ji shi tun ranar da tsohuwarka ta biyo mu da tsumagiya a gonar mutane!" Sai rumfar ta ɗauka. Ni dai ina durƙushe ina nazarin wata tururuwa da ke jan ƙwayar gero, ina jin da ma mu yi musaya.

Surukina bai yi dariya ba. Ya juya wayar a hannunsa yana dubanta gaba da baya, kamar mai duba iri. Da aka lafa ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Muryarka ce?"

"I, Baba."

"Kai ka koya mishi magana?"

"Ni ne, Baba."

"Ba wanda ya taya ka?"

Na so ƙwarai a ce akwai. Na yi kewar akwatunan nan da mutanen da suka ƙera su can inda ba wanda ya san su. Na ce ba kowa.

Ya gyaɗa kai. "To, in kai ka haife shi, ɗanka ne. In ɗanka ne, jikana ne. Jika kuwa ai shi ka kiran kakansa da suna, ba wanda ya isa ya hana shi." Sai ya kai wayar bakinsa ya danna da kansa. "Kai, marar kunya. Ni za ka ce ma in bi layi? Gaya ma ubanka ya saya maka wando tukuna."

Dariyar da aka yi wannan karon ta fi ta farko, amma wata iri ce, irin wadda mutum ke iya miƙewa a cikinta. Na miƙe. Tun daga ranar, daga Korgom har kasuwar Tasawa, akwai mutanen da ba su san ni da wani suna ba sai Baban Marar Kunya.

Taron bai zaɓi nawa ba, bai kuma zaɓi na Hadiza ba. Alhaji Sani ya ce mu je mu sasanta tunda gida ɗaya ne. Muka zauna muka haɗa. Karɓar saƙo, duba bayani da jera layi duk muka bar wa akwatuna, inda Hadiza ke iya gyarawa ko ina Mayahi ko ina kabari. Kod ɗina ya tsaya a kan abin da akwatunan suka kasa, wato murya da jiran rezo. Akwatin nan na matsorata ni da kaina na jawo shi na ajiye a tsakiya. Muka bi 'yan koperatif ɗaya bayan ɗaya, wa ake ce wa Baba, wa Alhaji, wa Inna, wace ce ba a kiranta sai da sunan ɗanta, aikin da ya fi rubuta kod ɗin wuya nesa ba kusa ba. Murya kuma muka nemi ta wani mai shela daga garin Tchaké, bayan mun tabbatar ba shi da suruki ko ɗaya a wannan yanki.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai bayan 'yan makonni Rahila ta dawo daga gida da saƙo. Baba ya ce ya kira jikansa, wani baƙo ya amsa yana ce masa Dattijo. Ya ce a mayar masa da nasa.

"Da sunan?" na tambaya.

"Da sunan."

"Da muryar?"

"Ya ce da muryar." Sai ta ƙara da cewa, "Ya ce Inna ba ta faɗinsa, mu ba mu faɗinsa, waɗanda ke faɗinsa duk sun tafi sai Alhaji, shi ma ya mance. Ya ce ashe yana son ji."

Wannan kuwa akwatuna ba su iya shi ba, sai kod. Na rubuta layin da ke cewa in lambar nan ce ta kira, a bi tsohuwar hanya. Da na zo gurbin sunan na tura wa Hadiza ordinatar na fita waje, ita ta buga shi, tana kirana matsoraci.

In wani ya tambaye ni yau wace hanya ta fi, akwatuna ko kod, nakan ce ya fara tambayar kansa abu biyu: wa zai gyara abin in ba ya nan, kuma wa zai durƙusa in abin ya yi magana. Kod yana ba ka iko duka, ya kuma bar maka kunyar duka, ba ya rage ko kaɗan. Kuma kafin ka tsaya gaban mutane, gwada shi da lambar wanda ka fi jin nauyi, ba ta abokanka ba.

Har yanzu in na je ƙauyen takalmina a bakin ƙofa suke tsayawa, har yanzu "madalla" ɗaya nake samu. Sai dai wani lokaci ina durƙushe sai ya ciro wayar ya ce bari ya ji lafiyar jikansa. Ni kuwa sai in tuna na bar moto a rana.